Yadda ake tarar jirage ranar da suka sauka ta titi na 22 a Schiphol

Wanda ya je filin jirgin Schiphol na Amstadam, babban birnin Holan, ranar da gari ya waye lafiya, abin da kowa yake gani shi zai gani: jiragen KLM shuɗɗa suna bin juna a titin Polderbaan ko Kaagbaan, ɗaya na sauka wani na biye. Wannan kallo ba ya bukatar dabara, akwai wurin ajiye mota, ka tsaya ka kalla. Abin da masu sha'awar jirage suke dako shi ne ranar da aka juya jiragen fasinja zuwa ƙaramin titin gabas, wato na 22, suka jero ta kan tsakiyar birni, ƙafafu a sauke, iska na jijjiga su. Mutane kan ɗauka dace ne. Lissafi ne, kuma wanda ya iya karanta iska yakan san da zuwan ranar tun jiya.

Fara da lambar titi

Lambar da ke rubuce a bakin kowane titin jirgi alƙibla ce da aka yanke wa sifirin ƙarshe. Titi na 22 yana fuskantar digiri 220, wato kudu maso yamma. Na 27 yana fuskantar yamma sak, na 18 kudu, na 36 arewa. Kwalta ɗaya suna biyu gare ta, kuma tsakaninsu 18 ne kullum: wanda ya shigo ta wancan baki 04 zai kira ta, wanda ya shigo ta wannan 22. Harufan L, C da R na bambanta titunan da ke jere ne, hagu, tsakiya da dama.

Schiphol na da tituna shida, kuma mutanen wurin da sunayensu suke kiransu. Uku sun miƙe daga arewa zuwa kudu: Polderbaan, 18R/36L, mai tsawon mita 3,800, wanda aka buɗe a 2003, Zwanenburgbaan, 18C/36C, da Aalsmeerbaan, 18L/36R. Sai Kaagbaan, 06/24; Buitenveldertbaan, 09/27; da ƙaraminsu Oostbaan, 04/22, wanda tsawonsa bai wuce mita dubu biyu da 'yan kai ba. Idan ka ci karo da tsohon hoto an rubuta 01L ko 19R, ba kuskure ba ne. Haka ake kiran Zwanenburgbaan kafin zuwan Polderbaan ya sa aka sake lambobi.

Tituna shida ya kamata su ba da bakin sauka goma sha biyu, amma ba haka abin yake ba. Polderbaan daga arewa kawai ake sauka a kansa, kuma arewa kawai ake tashi. Aalsmeerbaan akasin haka, harkarsa ta kudu ce. Na'urar ILS, wadda ke jagorantar jirgi har ƙasa ko da hazo ya rufe, tana kan 06, 18R, 18C, 22, 27, 36C da 36R. Babu ita a 24, 09 da 04, shi ya sa sauka a waɗannan sai gari ya buɗe. Saboda ƙarar da ke damun unguwanni, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Holan, LVNL, tana fifita Polderbaan da Kaagbaan, da dare ma kusan su kaɗai ke aiki. Duk wani titi da ka ga an koma kansa, akwai abin da ya tilasta: ko yawan jirage, ko gyara, ko iska.

A nan akwai abin da ke ruɗa sabon shiga. Oostbaan ba a rufe yake ba. Ƙananan jiragen 'yan kasuwa da na haya suna amfani da shi kullum domin mazauninsu na gefensa. Ganin jirgi ɗaya mai kujera goma ya sauka a 22 ba labari ba ne. Labari shi ne ganin Boeing 737, Airbus A320 da Embraer sun yi layi a kansa.

Lissafin iska

Jirgi yana so ya sauka yana fuskantar iska. Wadda ke bugunsa ta gefe ita ce matsala, wadda ke tura shi ta baya ta fi. A Schiphol, wajen zaɓen titi, ana aiki da iyakar not 20 ta gefe da not 7 ta baya, har da bugun iska na lokaci-lokaci a ciki. Not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa, kuma KT ake rubuta shi.

Ba sai da na'urar lissafi ba. Ka ɗebe alƙiblar titi daga alƙiblar iska, ka ɗauki bambancin kamar mintocin agogo. Digiri 15 kwata ne na ƙarfin iskar yake bugun gefe, 30 rabi, 45 kashi uku cikin huɗu, 60 zuwa sama duka. Matuƙa ma da wannan suke yin ƙiyasi a ka.

Rahoton yanayin filin jirgi, METAR, yana fitowa duk rabin awa, kuma lambar Schiphol a ciki EHAM ce. A ce ka ga 22028G42KT. Ma'anarsa iska na tasowa daga digiri 220, ƙarfinta not 28, tana bugawa har 42. Da 42 ɗin za ka yi aiki, ba 28 ba, kuma nan ne da yawa ke kuskure. A 18R bambancin digiri 40 ne, bugun gefe kusan not 28, ya zarce. A 27 bambancin 50 ne, ya haura 30. A 24 bambancin 20 ne, kusan not 14, ya yi, sai dai ba ILS kuma shi ake bukata don tashi. A 22 sifiri. Ka ga yadda titin da ya fi kowane gajarta ya zama shi kaɗai ya rage.

Daga wannan lissafi za ka gane cewa ƙofar ƙunƙuntacciya ce. Iskar da ke fitowa daga 225 tana tsakiyar 18 da 27 daidai, bugun not 28 ya isa ya kore su duka biyun. Daga 220 ana bukatar sama da 31. Daga 210 ko 240 sai ta kai 40. Idan ta koma 200, Polderbaan zai iya ɗauka har kusan not 58, ka zauna gida. Idan ta wuce 250, ranar Buitenveldertbaan ce. Saboda haka abin da kake nema a hasashen TAF, wanda ke faɗin yanayin awoyi masu zuwa, shi ne alƙibla tsakanin 210 da 240, da lamba bayan G da ta kai 35 ko fiye.

Iyakar not 20 ta masu ba da titi ce, ba ta jirgin ba. Jiragen fasinja na yanzu na iya jure bugun gefe sama da not 30 a busasshen titi, kuma matuƙi na da ikon cewa shi doguwar kwalta yake so. Manyan jirage masu nauyi sukan nemi 18R ko 27 ko da saura na bin 22. Wani lokaci kuma jirgi kan biyo hanyar 22 har ya ga fili da ido, sannan ya karkata ya sauka a 24. Wannan karkatar a ƙasa-ƙasa tana cikin abubuwan da suka fi wuyar samu, kuma idan gajimare ya sauko sosai ba za a yi ta ba.

Lokaci shi ne abin da ke kubcewa

Guguwar Holan daga teku take zuwa, galibi tsakanin Oktoba da Maris. Kafin gaban sanyin, wato bakin iska mai sanyi da ke tafe da guguwar, ya iso, iska na kudu maso yamma tana ƙara ƙarfi. Da ya wuce, sai ta juya zuwa yamma, wani lokaci har arewa maso yamma, sau da yawa cikin ƙasa da awa guda, tare da ruwa mai ƙarfi. Da ta juya, an gama da 22, kowa ya koma 27. Wanda ya jira sai guguwa ta kai maƙura kafin ya fito, sau tari wutsiyar abin yake tararwa. A TAF ka nemi kalmar BECMG ko FM, masu nuna canjin yanayi, tare da sabuwar alƙibla kamar 270 ko 290. Lokacin da ke jikinta shi ne lokacin rufe kasuwarka, ka isa wurin tsayawa awa biyu kafin nan aƙalla.

Lokutan da ke cikin waɗannan rahotanni na agogon duniya ne, UTC, shi ne harafin Z. Da sanyi Holan na gaba da shi da awa ɗaya, daidai da agogon Najeriya da Nijar. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba awa biyu ne. Mantawa da wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya makara.

Hasashe bai isa ba, sai ka tabbatar. LVNL na nuna titunan da ke aiki a shafinta. A Flightradar24, manhajar da ke nuna jiragen da ke sama a taswira, ka duba arewa maso gabashin birni: in ka ga jirage uku ko huɗu na fasinja sun miƙe a layi ɗaya suna nufo tsakiyar Amstadam, an fara. Ɗaya tak bai isa shaida ba. Ka kuma sa a ranka cewa ranar irin wannan iska jirage kan ragu, domin titin sauka ɗaya ba ya ɗaukar abin da biyu ke ɗauka, kuma KLM kan soke wasu jiragen tun kafin ranar.

Gyara ma na buɗe ƙofa. Schiphol na rufe titi na makonni don babban gyara, kuma ana sanarwa tun da wuri. Polderbaan ya yi kusan wata uku a rufe a farkon 2021. Idan Buitenveldertbaan ne a rufe, iskar yamma da a da 27 zai ɗauke ta sai a rarraba ta kan sauran, damar 22 da 24 ta ƙaru. Ka riƙa duba sanarwar NOTAM, wadda ake fitarwa don matuƙa jirgi, da jadawalin gyaran shekara.

Inda za ka tsaya

Ka ja layi a taswira daga bakin 22 zuwa arewa maso gabas. Zai ratsa tafkin Nieuwe Meer da gefen arewa na dajin Amsterdamse Bos, ya bi ta kan lambun Vondelpark, ya wuce kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Centraal. Jirgin da ke gangarowa a kan digiri 3 yana sauke kimanin mita 52 a kowace kilomita. A Centraal, kusan kilomita 10 daga titi, yana sama da mita 500. A Vondelpark, kilomita 6 da rabi, kimanin mita 350. A Nieuwe Meer, kusan kilomita 3, mita 160, har tayoyi kana ƙirgawa.

Kowane wuri da abin da yake bayarwa. Nieuwe Meer na ba ka jirgin da girmansa, ga sarari a kan ruwa babu abin da ke tare ido, amma iskar ba ta da abin tsayar da ita sai kai. Tsakiyar birni na ba ka abin da ya sa saukar ta zama ta daban: jirgi a saman tsofaffin gidajen bakin magudanan ruwa masu tsinin kai. A ganinmu hoton birnin ya fi daraja ko da jirgin ya fito ƙarami, domin jirgi a cikin farin sama kawai ana iya ɗaukarsa a ko'ina, babu abin da zai nuna 22 ne. Ka nemi gada ko dandali mai buɗewa ta arewa maso gabas, domin tsakanin dogayen gidaje daƙiƙa uku ko huɗu kawai za ka samu, kuma da yake iska na kwashe ƙarar zuwa baya, jirgin na iya bayyana kafin ka ji shi. Flightradar24 a wayarka ce za ta gaya maka yana zuwa.

Kada ka tsaya a ƙarƙashin layin sak, ciki kawai za ka gani. Ka matsa gefe kamar gwargwadon tsayin jirgin daga ƙasa, mita 150 zuwa 300 a tafki, 300 zuwa 500 a birni. Da safe ka tsaya ta kudu maso gabashin layin, da yamma ta yammacinsa, don rana ta kasance a bayanka in ta leƙo. A Disamba ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, ta faɗi wajen huɗu da rabi.

Idan iska ta juya kana can, akwai wurin kallo da aka tanada kusa da gidan abinci na McDonald's a arewacin Buitenveldertbaan, inda masu sauka a 27 ke wucewa dab da kai. Aibinsa shi ne kudu kake fuskanta, rana a ido. Ranar hadari wannan ba ya damun kowa.

Kyamara

Gilashi mai zuƙowa na milimita 70 zuwa 300, ko 100 zuwa 400, ya wadatar. Boeing 737-800 tsawonsa mita 39 da rabi ne. A tazarar mita 500, da kyamara mai cikakken faifai, wato full-frame, milimita 350 zai cika maka kusan kashi uku cikin huɗu na hoton. A tazarar 250, milimita 170 ya isa. In kana son gidaje su shiga, ka sauko ƙasa da 100. Wayar hannu ba za ta yi hoton kirki ba, amma bidiyonta a Nieuwe Meer yana nuna yadda fikafikai ke lanƙwasa, abin da hoto ba ya nunawa.

Saurin rufe idon kyamara ya zama 1/1000 na daƙiƙa, kada ya gaza 1/800, domin ba jirgin kaɗai ke motsi ba, kai ma iska na kaɗa ka. Buɗewa f/7.1 ko f/8 in haske ya bari, ISO kuma, ma'aunin karɓar haske, ka bar shi ya hau har 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan tsakuwa ana gyara shi, mai girgiza sai shara. Jirgi mai farfela daban ne, ka sauko 1/200, in ba haka ba farfelar za ta daskare kamar injin ya mutu.

Kuskuren da ya fi yawa na haske ne. Kyamara na ganin farin gajimare ya cika fili sai ta rage, jirgin ya fito baƙi ƙirin. Ka ƙara haske da kashi biyu cikin uku na mataki, ko mataki guda cur, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Ka sa saitin kyamara mai bin abu mai motsi a kunne. Murfin gaban gilashi yana tare ɗigon ruwa, amma yana kama iska kamar tanti, sai ka riƙe shi da hannun hagu, gwiwar hannu a manne da ƙirji, kafaɗa jingine da bango ko ƙarfen gada. Sandar kyamara mai ƙafa uku ba ta da amfani a irin wannan rana, faɗuwa za ta yi. Ka zo da ƙyalle biyu na goge gilashi, leda, da batiri na biyu a aljihun ciki, domin sanyi na shanye shi. Lema kuwa barta a gida.

Kada ka sauke kyamara da jirgi ya wuce ka. A irin wannan iska wasu kan fasa sauka dab da ƙasa, ka ji injuna sun yi ruri, hanci ya ɗaga, tayoyi sun koma ciki. Ba haɗari ba ne, tsari ne da aka koya wa kowane matuƙi, kuma jirgin zai zagayo cikin minti goma zuwa ashirin ka sake samunsa, in bai karkata zuwa wani gari ba.

Doka da tsaron kai

Hukumar yanayi ta KNMI na ba da gargaɗi kala uku: rawaya, ruwan lemo da ja. In ta kai ja, a haƙura. A guguwar Eunice ta 18 ga Fabrairun 2022 faɗuwar bishiyoyi ta kashe mutane a Amstadam da kewayenta, kuma Vondelpark da Amsterdamse Bos duk manyan bishiyoyi ne. Ko a rawaya, ka tsaya a sarari, nesa da reshe da katakon gini. Jiragen ƙasa ma kan tsaya, ka san yadda za ka koma.

A Holan kallon jirage da ɗaukar hotonsu daga wurin jama'a halal ne. Jirgi marar matuƙi haramun ne a kewayen Schiphol, kuma haramcin ya mamaye mafi yawan Amstadam. Haska jirgi da tocilan leza laifi ne da ake ɗaure mutum a kai. Duk wanda ya kai shekara 14 dole ya riƙe katin shaida, kuma jami'an Marechaussee da ke tsaron filin na iya tambaya. Ka nuna, ka faɗi abin da kake yi, shi ke nan. Kada ka ajiye mota a bakin ƙofar shinge, hanyar motocin kashe gobara ce.

Wannan sassauci na can ne, kada a ɗauko shi a kawo gida. Lissafin iskar dai ɗaya ne: babban titin filin Malam Aminu Kano ma 06/24 ne, lamba ɗaya da Kaagbaan, kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina daga kudu maso yamma, kana iya gwada ƙiyasinka a Flightradar24 kana zaune a ɗaki. KLM ɗin ma ta yi jigilar Kano daga 1947 har 2012. Amma filin Kano na haɗe da sansanin sojin sama, kuma tsayawa a shingen kowane filin jirgi a Najeriya ko Nijar da doguwar kyamara ba tare da izini a rubuce ba neman magana ne.

Abin da za ka rubuta

Kowane jirgi na da lambar rajista a jikinsa kusa da wutsiya, sau da yawa har ƙarƙashin fiffike. PH na Holan ne, G na Birtaniya, D na Jamus, N na Amurka, 5N na Najeriya, 5U na Nijar, 9G na Gana. Ita ce sunan jirgin na kansa, lambar tafiya kuwa tana iya hawa wani jirgi gobe. Ka rubuta rajista, samfuri, lokaci, titi, da inda ka tsaya. A gefe ka kwafe layin METAR na wannan rabin awar gaba ɗayansa, da lokacin da jirgin fasinja na farko ya bi 22 da lokacin da na ƙarshe ya bi. Bayan guguwa huɗu ko biyar za ka ga a wane ƙarfi ake juyawa a aikace, wanda ba lallai ya zo daidai da lissafin takarda ba, domin jiƙewar kwalta da tsayin gajimare da titin da ke rufe a ranar duk suna da ta cewa. Ka daidaita agogon kyamararka da UTC kafin ka fita, don lokacin da ke jikin hoto ya dace da na rahoton ba sai ka yi ɗebe-ɗebe ba.